Albishir ba goro: Kiristan Maraɗi da maƙwabcinsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wasan. Mutum ya shigo da fara'a ya ce "albishirinka", ka ce "goro", ya ce "fari ko ja", ka ce "fari tas", sannan ya saki labarin: an haihu, ko matafiyi ya sauka lafiya. Daga wannan tushen kalmar bishara ta fito, wadda Kiristoci ke kiran saƙonsu da ita. A wurinsu labari ne mai daɗi wanda ɓoye shi rowa ce, kuma umarni ne, don a ƙarshen Linjilar Matiyu, sura 28, Yesu ya aiki almajiransa zuwa ga dukan al'ummai. Sai dai mai wannan albishir a Maraɗi ya san ba goro ke jiransa ba. Yana zaune a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, a garin alhazai da malamai, inda kiran salla biyar ke tsara wa kowa yininsa, har shi kansa.

Ni musulmi ne, kuma katanga ɗaya ta raba gidanmu da gidan Kiristoci tun ina yaro. Mai gidan tela ne, Bagobiri, Hausarsa ta fi tawa zurfi. Baba muke ce masa, kamar yadda 'ya'yansa ke ce wa mahaifina. Abin da zama da su ya nuna mini shi ne nauyin wannan magana a kan mai ji yake sauka. Kirista in ya yi wa abokinsa bishara, yawanci iyakar abin da zai same shi a ɗaure masa fuska ko a daina kawo masa ɗinki. Wanda aka yi wa kuwa, ranar da ya ce ya yarda, matarsa da gadonsa da ramin da za a sa shi duk sun shiga cikin zancen. Kiristocin da suka daɗe a garin nan sun san haka, shi ya sa bakinsu ke da nauyi. Waɗanda ba su sani ba, ko suka sani suka yi biris, su ne suka fi tada ƙura.

Mutane da yawa suna ɗauka Faransa ce ta kawo mana coci a bayan kwamanda. A nan yankin ba haka aka yi ba. Wata ƙungiyar mishan ce mai suna SIM, wadda ta samo asali a 1893 lokacin da samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, wato ƙasashen kudu da Sahara irin namu. Biyu daga cikinsu ba su daɗe ba suka rasu. Ƙungiyar ta shigo Nijar a 1924 ta Damagaram, a ƙarshen shekarun 1920 kuma ta kafa gida a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, nan kusa da mu. Ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne, galibi daga Amurka da Kanada, kuma hukumar Faransa ba ta sake jiki da su ba. Su ma ba su damu da Faransanci ba, Hausa suka duƙufa koyo. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Don haka ikilisiyar da ta tsiro a nan, wadda bayan samun 'yancin kai ta tsaya da ƙafarta da sunan EERN, wato Cocin Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da Hausa ta buɗe ido: da ita take waƙa, da ita take addu'a, da ita take binne mamatanta.

Wannan ya sa in an ce Kiristan Maraɗi, sai a tambaya wanne. Akwai jikokin waɗancan masu bi na farko, Katsinawa da Gobirawa kamar kowa, masu kawu limami ko gwaggo hajiya. Akwai baƙi da aiki ko kasuwa ta kawo daga Benin, Togo, Burkina da kudancin Najeriya, da yawansu 'yan Katolika. Tun 2001 Maraɗi ke da bishop nata, kuma na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina ne. 'Yan Katolika ba su cika tare mutum da wa'azi ba, sun fi ba da ƙarfi ga makaranta da agaji da zama da malamai. Sai na uku, sababbin majami'u masu kiɗa da addu'ar warkarwa, waɗanda salonsu ya fi kama da na kudancin Najeriya. Mu a waje kuɗin goro muke yi musu, alhali ko a tsakaninsu ba su yarda da hanyar juna ba.

Harshe ɗaya da muke yi da su ya sauƙaƙa hira, ya kuma ɓoye ramuka a cikinta. Kirista Bahaushe "Allah" yake cewa, "in Allah ya yarda" yake cewa, ya san Attaura da Zabura da Linjila, ya san Annabi Ibrahim da Annabi Musa. Mutum biyu za su yi sa'a guda suna gyaɗa kai, kowa na jin ɗan'uwansa ya kusa zuwa wurinsa, alhali kalmomin ne iri ɗaya, kayan da ke cikinsu daban. Ɗauki "ceto". In musulmi ya ji ta, zuciyarsa na tafiya ranar alƙiyama, ga ceton Manzon Allah (SAW) da izinin Ubangiji. In Kirista ya faɗe ta, yana nufin aikin da a ganinsa an riga an gama a kan gicciye. Ko "tuba": a wurinmu komawa ce ga Allah bayan saɓo, mutum na cikin addininsa, a bakinsu sau da yawa ana nufin shigowa sabuwar hanya, har ana cewa sabon tuba. Wanda aka ce wa "ka tuba" yana iya cewa "kullum ina tuba" da gaskiyarsa, mai bishara ya tafi da murna, alhali ba a yi cinikin komai ba.

Sunan ma abin dubawa ne. Littafinsu na Hausa "Yesu" ya rubuta, mu kuwa Annabi Isa ɗan Maryama muka sani, wanda Alƙur'ani ya kira Almasihu, ya kuma ba mahaifiyarsa sura guda, ta 19. Wasu masu bishara suna farawa da "Isa Almasihu" don kunne ya saurara, wasu na ganin wannan ɓoye fuska ne. Ko da wane suka fara, wurin da za a tsaya sananne ne, kuma guda biyu ne. Da an ce "Ɗan Allah", yaron makarantar allo ma zai karanto Ƙulhuwallahu, bai haifa ba, ba a haife shi ba. Kirista zai rantse ba haihuwa irin ta miji da mata yake nufi ba, kuma gaskiya ne ba ita yake nufi ba, amma kalmar ta riga ta faɗa kunne. Da an zo gicciye kuma, aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Abin da ɗaya ya ɗauka ginshiƙin addininsa, ɗayan littafinsa ya ce bai auku ba. Ba rashin fahimta ba ne da za a gyara da ƙarin bayani. Na ga samari a fadarsu ta hira, shayi na kan gawayi, sun kwana a kan waɗannan gaɓoɓi biyu, ɗaya na jawo hujjojin Ahmed Deedat, malamin nan mai muhawara da Kiristoci, da ya gani a waya, ɗaya na buɗe Linjilar Yohanna, asuba ta yi kowa na inda yake. Abin da ya ragu kawai sukari ne.

A ce ma hujja ta shiga. Dokar ƙasa ba ta hukunta wanda ya sauya addini. Amma doka ba ita ke ba mutum tuwo ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, bambancin addini yana yanke gado, kuma ridda tana raba aure. A Nijar, sha'anin aure da gado al'adar masu shari'a ake bi, al'adar kuwa a nan ta daɗe da cakuɗa da musulunci. To ka duba saurayin ƙauye a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji wanda gonar gandu ce abincinsa. In ya ce ya zama mai bi, wa zai ba shi 'ya? Wa zai tsaya masa waliyyi? Ranar da ya mutu, wa zai wanke shi, a wace maƙabarta? Uwarsa za ta shiga biki a nuna ta da baki. Ɗan kasuwa kuma, a garin da ciniki ke tafiya kan amana da bashi tsakanin ubangida da yaransa, in aka janye masa amana ya zauna. Mace abin ya fi tsanani, don ita ko ɗakin da take kwana ba nata ba ne. Shi ya sa tsofaffin masu bi, in wani ya zo musu da dare ya ce yana son baftisma, wato wankan shiga addininsu, ba su cika gaggawa ba. Sun san in suka karɓe shi, sun ɗauki ci da sha da aurensa, don sun raba shi da waɗanda ke yi masa. Ikilisiyar da ta kira mutum ta kasa zama danginsa ta cuce shi, ko da abin da ta gaya masa ta yi imani da shi har zuci.

Daga nan zargin da ya fi yawo yake fitowa, cewa da magani da hatsi suke sayen mutane. Zargin bai faɗo daga sama ba. SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma kafa wurin jinyar kuturta a Danja, kudu da gari kan hanyar Ɗan Isa, a zamanin da mai wannan cuta ko ƙwaryar ruwa ba a haɗawa da shi. Wanda danginsa suka ƙyamace shi, baƙo ya wanke masa gyambo da hannunsa, in ya saurari abin da baƙon ke faɗa, wa zai ga laifinsa? Amma Bahaushe ya san alheri bashi ne. Majinyacin da ke kwance, likita na tsaye a kansa, ba shi da bakin cewa "a'a, ba na son ji". Kunya kaɗai ta isa ta sa ya ce amin. A ganina duk bisharar da aka yi wa mutum a lokacin da ba zai iya tashi ya tafi ba, akwai tambaya a kanta, kuma Kiristoci masu tunani su ma suna yi wa kansu ita.

Sai dai in da gaske magani na sayen imani, da tuni lissafin ya nuna. Shekara sama da saba'in musulmi na cika Galmi, a yi musu aiki su koma gida su yi alwala. Misalin da ya fi burge ni na gona ne. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da SIM ta kawo Maraɗi a farkon shekarun 1980, shi ne ya lura a 1983 cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, in aka rage rassan aka bar masu ƙarfi za su koma itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, wato dai ainihin yanayin da ake zargi. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: wannan dabara da ake kira sassabin zamani ta bazu, ana maganar hekta miliyan biyar da suka farfaɗo a ƙasar nan, mutumin ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, manoman kuma suna nan da carbinsu a inuwar gawon da suka raya. Talakan Maraɗi ya iya karɓar alheri ya yi godiya ya riƙe addininsa. Masu cewa buhun gero zai juya shi sun raina shi, ko daga wane ɓangare suke.

Abin da ya canja zaman shi ne lasifika. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa a wurin 'yan kasuwar Maraɗi da matasa, ta zo da wa'azin fili da kaset da tantance abin da ya halatta tsakanin musulmi da wanda ba musulmi ba. Kusan lokaci guda sababbin majami'u suka zo da nasu taron fili da shirye-shiryen rediyo, bayan an buɗe kafafen yaɗa labarai masu zaman kansu a shekarun 1990. Duk abin da ya faru a Kano kuwa, kafin dare ya iso nan ta Jibiya. Rikicin da ya tashi a can a watan Oktoba na 1991 kan zuwan mai wa'azin Kirista Reinhard Bonnke ya shiga kunnen kowa. Maganar da a da ake yi a zaure tsakanin mutum biyu da suka san iyayen juna ta koma ta jama'a, inda mai magana ba ya ganin fuskar wanda yake ɓata wa rai.

Mun ga inda hakan ke kaiwa. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a wajen Yamai ta juye a Maraɗi, aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka kuma ƙona harabar cocin Vie Abondante. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. A watan Yuni na 2019 aka kama wani limami a nan kan sukar dokar tsara harkokin ibada, cikin dare aka cinna wa cocin Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta. Da aka sake shi, shi da kansa ya ce a daina, musulunci bai yi umarni da haka ba. Abin lura, a cikin ukun nan babu wadda ta tashi don wani Kirista ya yi wa maƙwabcinsa bishara. Bikin tufafi, jaridar Faransa, dokar majalisa: laifin wasu ne can nesa, aka sauke a kan na kusa. Amma kowace wuta ta ƙara wa bakin Kirista nauyi. Ta kuma nuna wani abu, don a 2015 an samu musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu.

To a haka, ta ina bishara ke bi? Ta inda komai ke bi a garin nan: ƙofar gida. Zumunta a ƙafa take. Matan zumunta na coci suna zuwa barka da suna da gaisuwar mutuwa, a nan ake ganin hali, a nan wata za ta ce wa wata "ina sa ki a addu'a". Ranar Kirsimeti Baba ba ya yanka da hannunsa. Mahaifina yake kira ya yanka masa, don kada kwanon da za a kai maƙwabta ya dawo. Mu ma washegarin layya, in an sauke raguna daga wuta, da cinyarsu a cikin rabo. Yanzu akwai gidajen da ke mayar da kwanon Kirsimeti, sun ji a wa'azi bai halatta ba, wasu malaman kuma na cewa abincin Ahlul Kitabi halal ne da nassin Suratul Ma'ida. Matar Baba ta san gidajen da ke karɓa da waɗanda ba sa karɓa, ba ta kuma daina gaida kowa ba.

A duk shekarun nan sau ɗaya Baba ya taɓa yi mini maganar addininsa kai tsaye. Mahaifina na kwance ciwo ya yi tsanani, na fito zaure na zauna. Ya bar kekensa ya zo ya zauna gefena, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, in ka yarda, ni ma in roƙa mai Allah yadda na iya." Na ce, "Baba, ai addu'a ba ta yawa." Ya sunkuyar da kai ya yi, a hankali, ya rufe da sunan Yesu. Ban ce amin a wannan gaɓar ba, shi ma bai ɗago ya duba ko na ce ba. Daga baya na ji wata aya tasu a wasiƙar Bitrus ta fari, 3:15, mai cewa mai bi ya zauna a shirye ya ba da amsa ga wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma da tawali'u da girmamawa. Wato sai an tambaya. Na gane a kanta ya gina zamansa da mu. Ƙaramin ɗansa, wanda ya koma ɗaya daga cikin sababbin majami'u, yana ganin wannan tsoro ne aka sa wa rigar ladabi. Ya taɓa ce wa uban a gabana in gidan maƙwabci na cin wuta ba a jira sai ya yi sallama. Uban ya ce masa wanda ya shiga gidan mutane ba sallama, ko ruwa ya ɗauko ɓarawo za a kira shi.

Mu ma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. In ana zancen wani na tallata addininsa ga maƙwabci, mu ne kan gaba nesa ba kusa ba. Yaron Kirista a lakkol ya saba da "yaushe za ka musulunta?" tun bai iya ɗaura wando ba. Mai kabu-kabu zai yi masa nasiha, mai shago zai yi, tafsirin azumi zai shigo masa ɗaki ta taga wata guda. Muna kiran wannan da'awa, muna ganin alheri muke yi masa, kuma da zuciya ɗaya muke yi. Shi ma da ya buɗe baki, abin da yake ji a ransa ke nan. Ba sai na yarda da abin da ya faɗa ba kafin in gane daga ina ya fito. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta riga ta gaya mana yadda za a yi jayayya da Ahlul Kitabi, da abin da ya fi kyau, kuma ba a saukar da ita don zamanin da babu saɓani ba.

Yanzu waya ta buɗe wata ƙofa da ba ta bi ta zaure. Ana tura waƙoƙin bishara da karatun Linjila da murya ta WhatsApp, akwai fim ɗin tarihin Yesu da aka juya Hausa yana yawo a katin waya, mutum na iya saurara da abin kunne ba wanda ya sani. Ta wannan hanyar dai raddin malamai ke zuwa, da guntayen muhawara da aka yanke inda ɓangare ɗaya ya yi nasara. Mai turawa ba ya ganin fuskar mai karɓa, ba zai kuma kasance a wurin ba ranar da yayan yarinya ya ɗauki wayarta ya ga abin da ke ciki. Jikan Baba ya taɓa turo wa ƙanena irin wannan saƙo a rukunin 'yan ajinsu, ƙanena ya mayar masa da bidiyo uku. Kwana biyu ba su yi magana ba. Ran na uku na same su a bakin shagon kakan, waya ɗaya a tsakaninsu, suna kallon kokawar Sabar.